Mai riƙe wa Malam Sada igiya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina karyawa da safen nan aka bugo mini daga Dutsin-Ma, wai Malam Sada ya cika.

In kun taɓa hango doguwar eriya a bayan gidansa, wadda mutane ke ce wa ƙarfen sabis, to tasa ce. Rediyon oba-oba yake yi, da lasisinsa. Yana zaune a ɗaki zai yi hira da mutanen ƙasashen da ban ma iya faɗin sunansu ba. Shi ya koya mini, har tsohuwar na'urarsa ya aiko mini Kurfi kyauta.

Amma wallahi ina da ƙorafi, kuma yau sai na faɗa.

Lokacin da muke kafa ƙarfen nan, Bitrus mai walda kaɗai yake hawa da shi. Su biyu can sama, suna ɗaure bututu, suna ta dariya, ban san me ake cewa ba. Ni kuwa ina ƙasa cikin rana, igiyar da Malam ya ɗaura a ƙugu tana hannuna, wuya ya ƙage. Duk gyara haka. Ni da muka tashi tare! In ya kira mutanensa a rediyo, "Bitrus ya yi ƙoƙari." Sunana ko da wasa.

Kishi ya ci ni, har yanzu ma bai sake ni ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ya zo mini da kifin dam ɗin Zobe. Na kasa haƙuri, na ce, "Malam, wai ni ban isa hawa ba ne?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai Lawal, Allah ya shirye ka. Ƙarfe kowa na ba shi ya hau. Igiyar da raina ke jiki fa, ka taɓa ganin ta a hannun wani?"

Na ce daɗin baki ne. Ya ce to.

Ɗazu a maƙabarta Bitrus na gefe yana kuka kamar yaro. Sai ƙanen Malam ya kamo hannuna, ya ce marigayi ya bar wasiyya ni zan shiga kabari in karɓe shi.

Yau ma ni ne a ƙasa. Na tare shi da hannu biyu, ban bari ya suɓuce ba.

Allah ya jiƙan Malam Sada, ya haskaka makwancinsa, ya ba iyalinsa da Bitrus haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.