Taken da ƙafata ta kasa bi

Yau ina koyon tafiya a barandar gidan 'yata Rabi a unguwar Sri Petaling, can ƙasar waje, tana riƙe da hannuna. Tun da ɓarin jikina ya shanye, likita ya ce in riƙa takawa da kiɗa.

Sai na kama rera taken faretin da na tsara wa badujalar soja ina saurayi. Har yau ana maci da shi a gida, ba mai tuna sunana. Ƙafar hagu ta kasa binsa.

"Baba, rage masa sauri mana."

"Rabi, idan aka rage masa sauri, gawa ake rakawa da shi."

"To ni da raina, raka ni kedai, kantin nan na kusa, sayen burodi."

Na rage, muka isa, na gaji tiɓis. Tsarata, ku me tsufa ya sa kuka rage wa sauri?