Ajin Malam Makau Ya Yi Shiru

A Nasarawa Burkullu, da kunne ake auna malami. In hayaniyar aji ta kai bakin rijiya, to ana karatu. A wannan fanni ba wanda ya kama ƙafar maƙwabcina Malam Makau. Tun yana saurayi yake tsaye gaban allo, ya faɗa, yara su amsa gaba ɗaya har kwanon rufi ya ɗauka. Mu iyaye kuwa sai washe baki.

Saura zango ɗaya ya yi ritaya aka tura shi bita Gummi. Can wata malama ta yi musu bayanin abin da masu binciken ƙwaƙwalwa suka gano: maimaita abu nan take bai cika zaunar da shi ba. Sai an bar yaro kwana biyu, ya fara mantawa, sannan a tambaye shi shi kaɗai ya lalubo da kansa. Amshi kuma, in ji ta, maɓoyar wanda bai gane ba ce.

Malam ya dawo yana tsaki. Amma ranar Litinin ya gwada. Ya kira yaran ɗaya-ɗaya, ya nuna kalmomin da suka rera ranar Alhamis. Wasu suka duƙar da kai, wasu suka kama waƙar daga farko, ko allon ba su kallo. Ya ce mini ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Ya ƙudurta kafin ya tafi sai 'yan ajin nan sun iya karatu da kansu. Ya rage darasi, ya riƙa komawa na baya yana tambaya, yana jiran amsa. Aji ya yi tsit. Har wata Habsu ta fara haɗa baƙi.

Mu kuma, da wayonmu, muka je wurin hedimasta. "Mi as sami Malam? Ba mu jin ɗiyanmu!" Aka ce tsufa ne. Aka karɓe ajin aka ba Nuhu, sabon malami, tsohon ɗalibin Malam. Har yau abin yana ci mini rai.

Nuhu yaro ne mai ladabi. Ya zo har gidan Malam, ya durƙusa.

"Malam, kwantar da hankalinka. Yadda kak koya muna, hakanan za ni koya musu. Ba ni canza komi."