Lambar Ƙarshe a Kwalin Baba

Na daɗe ina cin abinci da rubuta wa kwamfuta umarni. A sana'ar akwai wata dabara: lambobin wuraren ajiya a cikin injin tsalle suke yi huɗu-huɗu, don haka a ƙidayar injin ƙarshen kowace lamba sifili ne, fanko, sai a cusa 'yar alama a wurin ta faɗi ko abin da aka ajiye lissafi ne ko rubutu. Ban taɓa koyar da wannan ba tare da kunya ta kama ni ba, domin a siton mahaifina na fara ganinta, kuma da hannuna na goge ta.

A shekarun alif ɗari tara da tamanin, Baba ne mai kula da siton wata ƙungiyar manoma a Gashua. Manoma kan kawo shinkafa shanshera su ajiye, wadda za a ci a loda ta zuwa injin casa a Nguru, iri kuma ya zauna sai damina. Layukan siton goma-goma aka sa musu lamba: goma, ashirin, talatin. Amma kwalin da Baba yake ɗaurawa a bakin buhu sai ka ga arba'in da ɗaya, ko sittin da ɗaya, alhali babu irin waɗannan layuka. Ashe sifili a ƙarshe na nufin ta ci, ɗaya na nufin iri. Masu lodi Barebari, manoman Bade, har mai injin Nguru, kowa ya san haka ba tare da an haɗa harshe ba. Ni kaɗai ne ban sani ba, don ban tambaya ba.

Lokacin na dawo daga makaranta da takardar difloma, kaina ya kumbura, komai na garin ina ganinsa a karkace. Baba ya tafi Jajimaji ta'aziyya na kwana uku, ya bar min makulli. Na duba kwalayensa masu maiƙo da rubutu kamar tafiyar kaza, na ce tsufa ya fara taɓa shi. Na sayo sabon kwali, na ja layi da rula, na mayar da kowace lamba daidai da layinta. Arba'in da ɗaya ta koma arba'in. Har tsayawa na yi a bakin ƙofa ina sha'awar aikina.

Washegari motar Nguru ta zo, masu lodi suka bi kwali kamar yadda suka saba, suka kwashe duk mai sifili. A ciki har da buhu uku na wani dattijo daga Dagona. Irin shinkafa ce mai ƙara tsawo idan ruwa ya ƙaru, idan kogi ya cika ba ta nutsewa, kuma tun daga kakansa yake riƙe da ita. A sito ya ajiye ta saboda ɓera ya dame shi a gida. Kafin Baba ya bi sawu zuwa Nguru an case ta tas, ta zama ta tuwo.

Da Baba ya dawo ya ɗauki kwali ɗaya ya juya, ya dube ni, ya ajiye shi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar da dattijon ya zo, shugabannin ƙungiya na zaune a kan benci a ƙofar sito, ni ina tsaye a gefen sikeli. An ce za a biya shi, ya ce shi ba ciniki ya zo yi ba. Ya tambayi Baba a hankali yadda aka yi mutum kamarsa ya kasa bambance iri da abinci.

Baba ya ce, "Ka gafarce ni, dattijo. Idona ne ya fara rauni, ni na rikita lambobin."

Alhali Baba mutum ne da yake zura zare a allurar buhu ba tare da ya matsa kusa da haske ba. Bakina ya buɗe, na ji maganar ta zo har maƙogwarona, sai na tuna difloma da yadda za a yi min dariya a kasuwa, na haɗiye ta. Tsoro ne kawai, ba ladabi ba, ko da yake na yi shekaru ina kiransa ladabi.

Dattijon ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Ban sake jin an shuka irin nan a Dagona ba.

Bayan mako biyu shugabannin suka yanke shawara. Tunda idon Baba ya gaji, in ji su, ya kamata ya huta, ga ɗansa mai ilimi, dubi yadda kwalayen suka yi tsaf tun zuwansa. Suka ba ni aikin, ni kuma na karɓa.

Da safe Baba ya raka ni har ƙofar sito. Ya ciro makullan daga aljihu, ya sa min a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kansu.

Ya ce, "Ɗaya iri ne, sifili abinci. Da ka tambaye ni, da na faɗa maka."

Sai ya juya ya nufi gida, yana gaisawa da mutane tun daga nesa, kowa da sunansa.