Matar Soja a Layin Alhaji

Warin sitacin da aka manna hotunan 'yan takara da shi ne ya fara tarar mu a firamaren unguwarmu a Tunga. Zaɓen gwamna na shekarar ba na akwati ba ne. Mutum ya tsaya a bayan hoton wanda yake so, a ƙirga shi, unguwa duka tana kallo.

Zaɓena na farko ke nan. Na tafi tare da Anti, maƙwabciyarmu 'yar Kudancin Kaduna, wadda aka tura mijinta soja Laberiya, inda ake yaƙin basasa. Ta daɗe ba ta ji daga gare shi ba. Ɗaki guda take haya a gidan Alhaji, kuma nan kaɗai mijin ya sani. Takan ce ko da rufin zai faɗo, ba za ta tashi ba, kada ya dawo ya tarar da baƙi.

Alhaji kuwa ɗan kasuwa ne, jikan waɗanda suka zo garin tun farkon zuwan jirgin ƙasa, kuma yana da nasa ɗan takara. Ya riga ya faɗa wa 'yan haya cewa wanda bai gani a layinsa ba ya nemi wani gida.

Anti ta nufi ɗaya layin, na wanda mijinta yake so tun kafin ya tafi.

"Matar soja! Kin ɓata hanya ne?" in ji Alhaji daga inuwar dalbejiya.

"Baba, gaisawa kawai zan yi da 'yan cocinmu."

"To a gaisa da sauri, rana na yi."

Ta gaisa ɗin kuwa, har da tambayar yara, sannan ta dawo layin Alhaji ta tsaya a gabana. Ni ina kallon inuwar mutane a ƙasa, yadda ta layin nan ke taɓa ta wancan. Malamin zaɓe ya bi mu yana dafa kafaɗu yana ƙirga mu. Da ya wuce, Anti ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Ƙanwata, mu je, na bar wake a wuta."

Ba a kore ta ba. Da kanta ta tashi bayan Kirsimeti, da aka kawo mata labarin rasuwar mijinta.

Sai bayan na yi aure mahaifiyata ta gaya mini cewa wani soja ya zo gidan da labarin tun kafin zaɓe. Bai sami Anti ba, ya faɗa wa Alhaji. Alhaji ya ce a bari tukuna sai an gama ƙirga.