Kiran Ƙarfe Bakwai

Sau ɗaya tak aka taɓa kayar da Uwar Tela a cacar baki, kuma a kan taga ne. Ita tana so a rufe tagar majami'a saboda sanyin ƙashi, tsohon Direba da ke zama a bayanta yana so a buɗe. Ta ce masa mai kunnen ƙashi, shi kuwa ya ce ko injin tsohuwar motarsa bai kai bakinta ƙara ba, kuma shi injin ana iya kashe shi. Jama'a suka bushe da dariya, taga ta zauna a buɗe. Shekara shida ba sa ga maciji.

Rabin rigunan mawaƙan majami'ar daga keken ɗinkinta suka fito. Da mijinta ya rasu, ido kuma ya fara gardama da kafar allura, sai ɗanta ya kafa mata ƙahon zuƙa: ta rufe ɗaki ta koma wurinsa. Ita kuwa kusa da kekenta take so ta ƙarasa kwanakinta.

Ana nan sai sabon fasto ya kawo tsari. Tsofaffi su riƙa taruwa safiyar Laraba a ɗakin ƙasa, ba hawan bene, da littafin waƙa mai manyan haruffa. A kuma haɗa su biyu-biyu, kowa ya riƙa kiran ɗan'uwansa a waya ƙarfe bakwai na safe ya ji yadda ya tashi. Bawan Allah bai san tarihi ba, ya haɗa ta da Direba.

Kullum sai ya tambaye ta ko har yanzu tana numfashi, ta ce sai ta ga bayansa. Daga nan ya karanta mata aya biyu, tana gyara masa.

Wata safiya ya kira sau uku, shiru. Ya ɗauki sandarsa, ya dogara har ƙofarta, ya sa maƙwabta suka ɓalle. A banɗaki suka same ta, santsi ya kwashe ta, ta kasa tashi. Sai da ta gode wa Allah, ta gode wa fasto, sannan ta ce Direba ya makara.

Ɗan ya iso da akwati, ya ce magana ta ƙare, babu mai kula da ita a nan. Ta bar shi ya gama, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, kai da na haifa sau biyu kake kirana a wata. Wannan tsohon kullum ne. In na bi ka, wa zai riƙa duba ko ya mutu?"