Abin da Yaya Rabi Ta Rubuta a Gefen Shafi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rabi, kuma har yau duk wanda ya ambace ta a ƙauyenmu na gefen kogin Watari, magana ɗaya ce: mai haƙuri. Wallahi na gaji da jin wannan kalma. 'Yarta Zulai da kalmar nan aka raine ta. Ko tuntuɓe ta yi, sai a ce ta yi haƙuri irin na uwarta.

Ni na san wata Rabin. Bayan haihuwarta ta uku ta shiga ajin yaƙi da jahilci, daga nan duk ranar kasuwar Ɗanbatta sai ta ba da sautun littafin labari. Idan ta gama ɓarar gyaɗa ta kai wa masu aikin tumatir abinci, bayan rumbu take zama da shi. Da aka zo rabon kayanta, kwanuka da zannuwa suka sami masu so, littattafan kuwa aka turo mini a buhu wai na riƙa hura wuta.

Da na buɗe sai ga rubutunta da fensir a gefen shafuka, duk a karkace. Inda matar cikin labari ta yi shiru, ta rubuta: "Ke, buɗe baki!" Wani wurin: "Ƙarya ne, ba a yafewa da wuri haka." Inda aka kwatanta teku kuma: "Da ni ce, ba zan dawo ba."

Wannan layin ya sa na ɓoye buhun shekara tara. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ina tsoron Zulai ta ɗauka uwarta ba ta so su ba.

Yanzu a waya 'yan mata ke sauraron labari. Da Yaya na nan, ina jin tsaki za ta ja, tunda mai karantawa ba ya tsayawa a ba shi amsa.

Bana ɓoyon ya ishe ni. Kwanukan sun tsage, zannuwan sun koɗe, muryarta a fensirin nan kaɗai ta rage, kuma 'yarta ta fi ni haƙƙi da ita. Na miƙa mata buhun. Bayan kwana uku ta dawo, yatsanta a kan shafin tekun.

"Inna, har da mu za ta bari?"

Na ce mata ban sani ba. Abin da na gani da idona, kullum aka kira la'asar sai Yaya ta rufe littafin, ta tashi ta ɗora musu tukunya.