Tafin Hannun Kikuji

Ƙanena Kikuji ya rasu bara da kaka. A wurin zaman makoki mutanen kamfani suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna cewa ya ba sana'ar agogo rayuwarsa. Na ƙyale su, tunda sun zo da furanni. Amma ni na goya shi, kuma duk waɗanda za su ji kunyar maganar sun riga sun kwanta a bayan haikali, saura ni.

Mu mutanen bakin tafkin Suwa da siliki muka tashi. Ni ko ƙofar makaranta ban taka ba, tun ina ƙarama aka kai ni wurin dafa kwanson tsutsar siliki, har yau yatsuna a murɗe suke. Da yaƙin duniya ya yi zafi sai masu agogo suka gudo daga Tokyo da injinansu, suka zauna a ɗakunan ajiyar silikin da suka mutu. Yaƙi ya ƙare, suka ƙi komawa, wai iskarmu busasshiya ce, ƙarfe yana son ta. Daga nan uwar da ɗanta ya shiga kamfanin agogo tafiyarta ma ta canza.

Aka ɗauki Kikuji. Innarmu Otoki ta dafa shinkafa da jan wake ta raba wa unguwa, har gidan tsohuwa Oyone da ba sa ga-maciji, don dai ta ci ta ji haushi.

Idonsa lafiya, hannunsa ba ya rawa. Abin da ya kayar da shi gumi ne. A cikin agogo akwai wani zaren ƙarfe da bai kai gashi kauri ba, a naɗe, shi ke bugawa kamar zuciya. Akwai mutanen da in suka raɓi ƙarfe sai ya yi tsatsa, ko sun wanke hannu har fata ta saɓule, kuma ƙanena yana cikinsu. Kafin dusar ƙanƙara ta narke aka gane duk abin da ya bi ta teburinsa yana yin ja. Ba su kore shi ba. Suka mai da shi bayan gini, wurin tukunyar tururin da ke ɗumama ɗakunan aiki, aka ba shi shebur da tsibin kwal.

Bai faɗa wa kowa ba. Kullum ya fita da farar riga a ninke a hammata, ya biya gidan wanka kafin ya dawo. Ni na gane, don ni ke wanki.

Na ce, "Kai, agogon naku da kwal yake tafiya ne?"

Ya durƙusa a gaban bahon wankin. "Yaya, ki rufa mini asiri. Inna ta riga ta raba shinkafa."

"Shinkafar da aka ci aka yi kashinta tuni? Tashi, sakarai, kana jiƙa wando."

Na rufa masa. Abin da ya fi ba ni tausayi ganye ne. Kowa ya san in an zuba shayi a nan sai an fito da nozawana, ganyen da muke dannewa cikin gishiri tun farkon sanyi, uwar gida ta ɗebo da tsinken cin abinci, kai kuma ka miƙa tafin hannu ta ɗora maka. Ƙin miƙa hannu raini ne. Masu haɗa agogo kaɗai aka ɗage wa, saboda gishiri maƙiyin ƙarfe ne, kuma suna taƙama da hakan, su zauna da hannu a cinya kamar gumaka. Kikuji, wanda tun yana rarrafe yake satar ganyen nan daga tulu, ya koma zama irin nasu. Inna ta riƙa cewa da ƙarfi don maƙwabta su ji, "Kada ku ba shi, hannun nan na kamfani ne." Shi kuwa yana haɗiyar yawu, yana kallon tabarma.

Mutane suka fara kawo masa agogonsu gyara. Ya karɓa da hankici, ya kai wa wata Masae da ke ɗakin haɗawa, ta gyara, ya biya ta da tuffa da ƙwai. Kamfani yana ta sabbin abubuwa, shi kuma yana ta haddace su a kantin cin abinci don ya kawo gida. Da aka yi agogon da motsin hannu ke yi masa wani, ba sai an murɗa shi ba, ya bayyana wa Inna kamar shi ya yi mafarkinsa. Da aka yi wanda ruwa ba ya shiga, haka. Aure ma ya ƙi, don mace za ta ga ƙarƙashin farcensa. Gashinsa ya fara fari a haka.

Sai aka yi agogo mai batir, wanda wani ɗan dutse ke kaɗawa a cikinsa, ba murɗawa, ba saɓa lokaci, kuɗinsa kuɗin mota. Gari ya ɗauka. Kamfani ya ce iyalan ma'aikata su zo su gani. Inna lokacin ta ranƙwafa, da sanda take tafiya, amma ta fito da kimononta, doguwar rigarta ta biki, ta shanya.

Ta ce, "Kafin in mutu sai na ga kujerar ɗana." Ta kuma gayyaci Oyone.

Kikuji ya roƙi Masae ta ba shi aron teburinta na rabin yini, ya roƙi shugaban ɗakin, Ushiyama, ya kau da kai. Suka yarda, da sharaɗin ya riƙe hantsaki kawai, kada ya taɓa komai. Muka zo muka tsaya a bayan gilashi, ga ƙanena cikin farar riga da hula, da gilashin gani a ido ɗaya, ya sunkuya kan abin da ba shi da ikon taɓawa. Inna ta zunguri Oyone. "Kin gan shi? Na tsakiya." Ni kuwa na ji kamar in shige cikin bango.

Da an tsaya nan da an rabu lafiya. Amma aka buga ƙararrawar shayi, ma'aikata suka fito baranda, Inna kuma ba ta taɓa shiga wurin mutane hannu rabbana ba. Ta kwance ƙunshinta, ta buɗe akwatin nozawana da ta zaɓa daga ƙasan tulu. Tsufa ya sa ta manta, ko kuma ta ɗauka ranar biki ba doka. Ta ɗebo da tsinke ta nufi Ushiyama.

"Ranka ya daɗe, na gode da riƙon yarona. Ba wani abin kirki ba ne."

Ya sunkuya, ya mai da hannunsa baya. Ta matsa wurin na kusa, shi ma haka. Ta bi layi tana ɗingishi, kowa yana sunkuyawa yana ɓoye hannu, ruwan gishiri yana ɗiga a kan katakon da aka goge. Oyone ta ce a hankali, amma ba a hankalin da ba za a ji ba, "Otoki, ko ganyen naki bana ya lalace ne?"

Inna ta tsaya a tsakiyar baranda da hannu a sama. Ban taɓa ganin kunnenta ya yi ja haka ba.

Sai Kikuji ya ratso mutane, ya buɗe tafin hannunsa a gabanta. Ta ce, "Kai, hannunka!" Ya ce, "Ɗora, Inna." Ta ɗora. Ya ci, ya lashe tafin, ya sake miƙawa. Sannan ya tuɓe farar rigar da hular ya ninke, ya ba Masae gilashinta, ya ce, "Inna, zo ki ga wurin aikina."

Muka bi shi ta bayan gini, ta cikin taɓo, har da Oyone, wadda ko an ɗaure ta da igiya sai ta zo. Ya buɗe bakin tukunyar, wuta ta haska mu, ya zuba kwal. Inna ta daɗe tana kallon sheburin, wanda mariƙinsa ya lotsa daidai yatsunsa.

Ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun shekarar farko."

Ta juyo gare ni. Na kalli rufi. Ta ce, "Ke ma." Ta dogara sandarta ta nufi gida.

Washegari ta sake sa kimonon, ta bi gidajen unguwa da sandarta, tana sunkuyawa a kowace ƙofa tana ba da haƙuri a kan alfaharin da ta yi da agogunan da aka kawo gyara. Na ce mata ta bari, ai agogunan suna aiki. Ta ce ba da ni take ba. Gidan Oyone ta fara zuwa, don ta gama da mafi ɗaci. Kikuji yana biye da ita a baya, yana riƙe mata laima, kansa a ƙasa.

Ba ta sake furta kalmar agogo ba har ta mutu. Shi kuma ya ci gaba da tukunyarsa har aka koma mai, aka ba shi maɓalli maimakon shebur. Da ya yi ritaya suka ba shi agogo mai batir. Ya ɗaura wata ɗaya, bayan agogon ya dafe da tsatsa, ya cire ya ajiye a gaban hoton Inna.

Abin da na sani shi ne tun daga ranar nan, in an zauna shayi, ba ta kallonsa, amma tsinkenta wurinsa yake fara zuwa. Yana miƙa hannun da ke da baƙi a tsagar fata, tana ɗora masa har ya zubo.